Waken Suya da Takin da Yake Haɗa wa Kansa

A wani ƙauye na yankin Giwa a jihar Kaduna, da Agusta ya kama sai waken suya ya lulluɓe kunyoyi har ba a ganin ƙasa. Kusan kowane magidanci yana da ɗan fegi nasa, domin daga nan ake samun awarar da 'yan mata ke soyawa da la'asar a bakin kasuwa, daga nan ne kuma kuɗi ke shigowa idan fatake suka zo awo da kaka.

Babban aikin waken a ƙarƙashin ƙasa yake. Tuge ɗaya a hankali, ka karkaɗe saiwar, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa sun manne mata. Fasa guda da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana kan aiki. In fari ne ko kore, babu abin da yake tsinanawa. Wasu ƙwayoyin halitta da ake kira rizobiyam ne ke zaune a ciki, suna zuƙo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne, suna mai da shi abincin shuka. Ƙulle-ƙullen kan fara bayyana mako biyu zuwa uku bayan tsiro, aikinsu kuma ya fi ƙarfi sa'ad da waken ke cika kwanso. Irin TGx da cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar an yi shi ne musamman don ya yi ƙulli da ƙwayoyin da ke cikin ƙasarmu tun asali.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takin yuriya. Manomi ya saba masara na son ta, sai ya watsa wa waken ma. Waken kuwa da ya sami naitirojin a ɓagas, sai ya rage ƙulle-ƙullen, ganye ya yi shar, kuɗin taki ya tafi a banza. Abin da yake ƙishirwarsa shi ne fosfaras, wato takin supa, a zuba lokacin shuka, domin ƙasar yankin tana da ƙarancinsa.

Dattawan garin sun daɗe da lura cewa gonar da aka noma waken bara, masararta ta bana ta fi kyau, ƙuduji ma ya ragu. Sai dai masu tuge waken da saiwa su kwashe harawar kaf suna rage wa gonar wannan rabon.

Malam manomi, ajiye wa masara yuriyarka, ka sayo wa waken supa.