Freshman 15

Freshman 15 laƙabi ne da ake amfani da shi a Amurka da Kanada wajen bayyana ƙibar da ɗalibai kan yi a shekararsu ta farko a jami'a. Kalmar freshman tana nufin ɗalibin aji ɗaya, 15 kuma tana nufin laba 15 ta nauyi, wato kimanin kilo 6.8. A Ostireliya da New Zealand, inda ake awo da kilo, akan ce fresher five, wato kilo 5. Binciken da aka yi ya nuna cewa yawancin ɗalibai suna ƙara nauyi a wannan shekara, amma bai kai adadin da laƙabin ya ambata ba.

Asalin kalmar

Laƙabin ya bazu ne bayan mujallar 'yan mata ta Seventeen ta sa shi a bangonta a watan Agusta na 1989. Daga nan jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka, har ya zama labarin da ake maimaitawa duk lokacin komawa makaranta. Adadin 15 bai fito daga wani awo na likitoci ba. Abin lura shi ne kalmomin biyu a Turanci, freshman da fifteen, duk da harafin f suke farawa, kuma irin wannan karin sauti yana sa magana ta zauna a baki. Haka ma fresher five. Za a iya cewa daɗin faɗa ya taimaka wa adadin fiye da ma'auni.

Abin da bincike ya nuna

A 2004, David Levitsky da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell sun auna ɗalibai 60 a farkon zango da kuma bayan mako 12. Sun samu cewa a matsakaici kowane ɗalibi ya ƙara kilo 1.9. Wannan ƙari ne mai sauri idan aka kwatanta da na sauran manya, sai dai mutum 60 na jami'a ɗaya ba su isa a yanke wa ƙasa hukunci ba.

Bincike mafi girma shi ne na Jay Zagorsky na Jami'ar Jihar Ohio da Patricia Smith, wanda aka wallafa a 2011. Sun yi amfani da bayanan matasa 7,418 daga sassan Amurka. Mata sun ƙara laba 2.4 a shekarar farko, maza kuma laba 3.4. Waɗanda suka kai laba 15 ko fiye ba su wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ma ramewa suka yi. Muhimmin abin da binciken ya gano shi ne, ɗaliban jami'a sun fi tsararrakinsu da ba su shiga jami'a ba da kimanin rabin laba kawai. Ke nan babban ɓangaren ƙibar na shekaru ne: mai shekara 18 ko 19 jikinsa bai gama cika ba, ko ya je jami'a ko bai je ba.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Oxford sun tattara sakamakon bincike da dama, suka samu matsakaicin ƙari na kilo 1.36. Kimanin kashi 61 cikin ɗari na ɗaliban sun ƙara nauyi, kuma idan aka ware waɗannan kaɗai, ƙarinsu ya kai kilo 3.4. Wannan ya nuna yadda matsakaici kan ɓoye gaskiya, domin waɗanda suka rame suna janyo adadin ƙasa.

Dalilai

Tsarin cin abinci shi ne dalilin da aka fi ambata. Jami'o'in Amurka da yawa suna wajabta wa 'yan aji ɗaya zama a ɗakunan kwanan makaranta da biyan kuɗin abinci na zango gaba ɗaya. A ɗakin cin abinci ɗalibi yana ɗibar abin da ya ga dama, ya ƙara sau nawa yake so, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wanda ya saba a zuba masa a gida sai ya tsinci kansa gaban tire-tire na soyayyen dankali, fiza, lemon kwalba da kayan zaƙi. Binciken Cornell ya danganta wani kaso na ƙibar da irin waɗannan ɗakuna da kuma ciye-ciyen dare.

Giya ma tana da nata kason. Kowane giram na barasa yana ɗauke da kalori 7, kusa da na mai wanda ke da 9, kuma sha yakan zo tare da ciye-ciye. Zagorsky da Smith sun samu cewa masu yawan sha sun fi sauran ƙara nauyi, ko da yake bambancin bai kai laba ɗaya ba.

Sai ƙarancin barci, wanda ke ƙara sinadarin girelin mai jawo yunwa, ya rage leftin mai sanar da ƙoshi. Ga kuma damuwar jarrabawa da kewar gida, da daina wasannin motsa jiki da ɗalibi ya saba yi a sakandare.

Suka

Wasu masana lafiya suna ganin laƙabin kansa yana da illa. Yarinyar da ta shiga jami'a da tsoron laba 15 tana iya fara ƙin cin abinci ko tilasta wa kanta amai, kuma wannan shekarun ne cututtukan da suka shafi cin abinci suka fi kama matasa. Mayar da hankali kan shekarar farko kuma yana kawar da ido daga abin da ya fi muhimmanci. A binciken 2011, kafin kammala digiri mata sun ƙara laba 7 zuwa 9, maza 12 zuwa 13, kuma bayan barin makaranta nauyin ya ci gaba da hauhawa da kimanin laba 1.5 a kowace shekara.