Gyaran Fuskar Itace a Sana'ar Sassaƙa: Ilimin da Ya Kamata Mu Koyar

Sassaƙa tana daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Zamfara. A yankunan Anka, Gummi da Bukkuyum, daga hannun masassaƙa ake samun turmi, taɓarya, akushi, muciya, kujerar mata da allon karatu. Sai dai aikin masassaƙi ba ya ƙarewa da ajiye gizago. Akwai gyaran fuskar itacen, wanda shi ke sa akushin kaka ya kai ga jikoki, kuma a kansa muke son jawo hankalin jama'a.

Da farko akan bar abin da aka sassaƙa ya bushe a inuwa, domin zafin rana yana tsaga ɗanyen itace. Daga nan sai a kankare shi da wuƙa, a goge da ganyen ɓaure mai kaushi har ya yi santsi. Bayan haka akan babbake fuskarsa da wuta ko da ƙarfen da aka gasa ya yi ja. Wannan shi ke ba akushi baƙin da aka san shi da shi, kuma da ƙarfen ake yi masa zane. A ƙarshe sai a shafa man kaɗe tun itacen yana da ɗumi, domin man ya ratsa shi, ya rage masa shan ruwa da tsagewa.

Muhimmancin wannan hanya ya wuce na ado. Itace yana riƙe abin da ya shiga jikinsa, kuma a cikinsa muke daka hatsi da zuba tuwo. Man kaɗe abinci ne, amma baƙin man inji guba ne, wasu nau'o'in fentin mai kuma suna ɗauke da dalma. Illar dalma kuwa mun gan ta a shekarar 2010, lokacin da yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Don haka kada a shafa fenti ko baƙin mai a kayan abinci, kuma turmin da ya taɓa dakan dutsen ma'adinai kada ya sake ganin hatsi.

Wannan ilimi da ido da hannu ake ɗaukarsa. Muna kira ga hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi da su ba dattawan masassaƙa fili a ranakun kasuwa da makarantu, su nuna wa matasa waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya gwada da hannunsa.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin.