Taɓuwar hankali: maganin da ba ya raba mutum da danginsa

A garuruwa da ƙauyuka da yawa, idan hankalin mutum ya taɓu, dangi sukan fara da rubutun sha da turare, su je wurin boka ko ƴan bori. Idan abin ya faskara, sai mari ko turu a bayan ɗaki. Gidan likita shi ne zangon ƙarshe, bayan an sayar da hatsi da dabbobi. Ba jahilci kaɗai ke jawo haka ba: likitan yana nesa, ba ya jin harshen majinyaci, kuma sau da yawa yakan raba shi da mutanensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan larura ba su samun magani. Amma tun da daɗewa wasu likitoci suka nuna wata hanya, kuma a Afirka ta samo asali.

Ƙauyen da ya zama asibiti

A shekara ta 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya komo gida Abekuta, a ƙasar Yarabawa, bayan karatu a Ingila. Ya tarar da manoma suna tsoron asibitin Aro kamar gidan kaso. Sai ya yi shawara da masu gari na ƙauyukan da ke kewaye, suka yarda su sauki majinyata a gidajensu, ana biyan su kuɗin haya. Sharaɗin ɗaya ne: kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko ƴar'uwa ko inna, wanda zai dafa masa abinci ya kula da shi. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da dare a kwana cikin jama'a, ana jin dakan mata da kukan yara kamar a gida. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba. Ya jawo wasunsu cikin aikin, domin ya san su ne mutane suka fi amincewa da su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Dakar ma, tun daga 1959, likitan Faransa Henri Collomb ya bi makamancin wannan tafarki a asibitin Fann. Ba a kwantar da majinyaci sai da ɗan rakiya. An kuma kafa zaman taro irin na dandalin ƙauye, wanda Wolof ke kira «penc», inda majinyata da dangi da ma'aikata ke zama tare, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Baƙo a ƙasar wani

Wannan darasi ya bi ƴan ci-rani har Turai. A 1979, Tobie Nathan, masanin halayyar ɗan Adam wanda aka haifa a Alƙahira, ya buɗe wurin ganawa da iyalan baƙi a asibitin Avicenne da ke Bobigny, a gefen Paris. A 1993 kuma ya kafa cibiyar Georges Devereux a jami'ar Paris ta 8. A can ba a shigar da mutum ɗaki shi kaɗai da likita. Yakan zo da iyalinsa, a zauna a da'ira da masu magani na ƙasashe dabam-dabam, da tafinta mai jin harshen da aka raine shi da shi. Idan ya ce iska ce ta shafe shi, ko sammu aka yi masa, ba a yi masa dariya. Daga nan ake kama zaren magana, har a kai ga kewar gida, da bashin da ya ci kafin tafiya, da mamacin da bai samu zuwa jana'izarsa ba.

Hanyar ba ta rasa masu suka ba. Masana irin su Didier Fassin sun yi gargaɗi cewa kada a ɗora wa al'ada komi, alhali abin da ke hana baƙo barci sau da yawa rashin takardu ne, da rashin aiki, da matsattsen ɗaki. Wannan gargaɗi gaskiya ne: girmama al'ada ba ya maye gurbin magani, ba ya kuma halatta ɗaure mutum da sarƙa.

Abin da ya shafi gida

Zancen ba na nesa ba ne ga Nijar. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutane 92 a hamada, arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, a kan hanyar Aljeriya. Tun 2019 kuma dubban iyalai suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Wanda ya ga irin waɗannan abubuwa yakan iso da ciwon da ba a gani: firgita cikin dare, yawan shiru, faɗuwar gaba, ƙin abinci. Ba zai ce hankalinsa ya taɓu ba, domin kalmar «mahaukaci» tana hana aure, tana kashe ciniki. Sai dai ya ce kansa na ciwo, ko zuciyarsa ta ɓaci.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa majo da ungozoma na ƙananan gidajen likita gane baƙin ciki mai tsanani da farfaɗiya da ruɗewar hankali, su ba da magani tun a matakin farko. Abin da Aro da Fann suka ƙara a kai ba ya bukatar gini mai tsada: a saurari mutum cikin harshensa, a bar ɗan'uwansa kusa da shi, a kuma shawo kan malami da mai gari su turo majinyaci da wuri maimakon a ɓoye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likita kuwa shi ke riƙe da abin toshewa. Idan suka haɗa kai, turu zai koma itacen wuta.