Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Duwatsun Turai

Bahaushe ya san ƙanƙara mai faɗowa tare da ruwan farkon damina. Wadda ke zuba a ƙasashen sanyi kuwa sai ya laƙaba mata suna dusar ƙanƙara, saboda laushinta da rashin nauyinta. Sunan ya dace da ita sa'ad da take sauka, amma yana iya ruɗin mai karatu, domin in ta taru a gangaren dutse ta zaftaro, takan rusa gidan siminti.

Dusar nan ba ta taruwa gaba ɗaya. Ta yau takan kwanta bisa ta jiya, hawa-hawa, kowane hawa da irin ƙarfinsa. Idan aka yi kwanaki ana tsananin sanyi, wani hawa yakan koma ƙwayoyi marasa kama juna, tamkar sukari. Sa'an nan sabuwar dusa ta rufe shi, iska ta daddanne ta har ta zama falle guda mai tauri. To, a nan haɗarin yake, watau falle mai nauyi zaune bisa hawa maras ƙarfi. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan, tsaga ta ruga cikin ƙiftawar ido, fallen duka ya goce. Galibi hakan na faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. Abin ban tausayi shi ne, yawancin masu yawon duwatsu da ke halaka, su ne ko abokan tafiyarsu ke tayar da ita da ƙafafunsu.

Wani lokaci kuma ita ke zaftarowa da kanta. A ranar 23 ga Fabrairu, 1999, bayan makonni ana zubar dusa da iska mai ƙarfi, ta afka wa ƙauyen Galtür a Ostiriya, ta kashe mutum 31. Hanya ta toshe, hadari ya hana jirage masu saukar ungulu tashi sai washegari, saboda haka mutanen ƙauyen da baƙinsu ne suka kwana suna tono.

Wanda dusa ta binne ba ya iya motsa ko hannu, gama da zarar ta tsaya sai ta daskare. In an tono shi cikin minti 15 na farko, mafi yawa sukan rayu. Bayan rabin sa'a kuwa akasari numfashi ya ƙare. Don haka ne masu shiga duwatsu kan ɗauki shebur, da sandar caka dusa, da 'yar na'ura mai nuna inda mutum yake.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan ma'aunin haɗari mai mataki 5, ana sanar da shi kullum a lokacin hunturu. A Suwizalan an lura cewa an fi mutuwa a mataki na 3, domin a na 5 kowa yakan zauna gida, alhali a na 3 gari kan yi kyau, mutane su fita.