Taron TRB: Inda Ɗalibai Ke Auna Cunkoson Titi Da Wayar Salula

A watan Janairun kowace shekara, daidai lokacin da sanyin birnin Washington ke ratsa ƙashi, dubban mutane kan yi dafifi zuwa babban zauren taro na Walter E. Washington. Wasu na janye da akwati, wasu kuma rataye da wani dogon gwangwani mai kama da kwarin kibiya. A cikin gwangwanin akwai fosta a naɗe, kuma a jikin fostar akwai aikin da ɗalibi ya kwashe shekara ɗaya ko biyu yana yi.

Wannan shi ne taron shekara-shekara na Transportation Research Board, wato hukumar binciken sufuri ta Amurka, wadda aka fi sani da TRB. Ana buɗe shi ranar Lahadi a rufe ranar Alhamis. A shekarun da ya fi cika, mahalarta kan haura 13,000, ana kuma gabatar da ayyukan bincike kimanin 5,000. Duk wanda ya zaga cikin fostocin a 'yan shekarun nan zai lura da abu guda: da yawa daga cikin alƙaluman da ake muhawara a kansu daga wayoyin salula suka fito. Wayar da ke aljihun fasinja ta zama ɗaya daga cikin manyan na'urorin awo na masu nazarin sufuri.

Tsohon taro mai dogon hannu

An kafa hukumar a 1920, lokacin da motoci suka fara yawa a Amurka alhali mafi yawan hanyoyin karkara na ƙasa ne. Da farko bincikenta bai wuce na titi ba. A 1974 aka ba ta sunan da take amsawa yanzu, domin aikin ya haɗa da jiragen ƙasa, na sama, na ruwa, kekuna da masu tafiya a ƙafa. Tana ƙarƙashin cibiyar manyan masana kimiyya da injiniyanci da likitanci ta ƙasar. Taronta na 100 ya faɗo a Janairun 2021, kuma ta intanet aka yi shi saboda annobar korona.

Abin da ya fito daga wannan hukuma ya daɗe da ƙetare iyakar Amurka. Tsakanin 1958 da 1960 ta jagoranci wani gwaji a jihar Illinois, inda manyan motoci suka yi ta zagaye a kan tituna na gwaji dare da rana, injiniyoyi na auna yadda kwalta ke lalacewa. Daga nan aka samu ƙa'idar da har yau ake koyarwa: idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi na ninkuwa kusan sau 16. Wannan lissafi ne ke bayyana dalilin da ya sa tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima ke cin titi fiye da dubban ƙananan motoci.

Haka nan ita ce ke fitar da Highway Capacity Manual, littafin da ya fara fitowa a 1950, wanda injiniyoyi ke amfani da shi wajen lissafa yawan motocin da titi zai iya ɗauka. Bugun 1965 ne ya kawo tsarin bai wa titi maki daga A zuwa F, tamkar sakamakon jarrabawa. A na nufin hanya a buɗe take, F kuma gosulo ne.

Yadda ɗalibi ke samun shiga

Ƙofar shiga ita ce maƙala. Ranar 1 ga Agusta ake rufe karɓa, sannan a tura kowace maƙala ga masana fannin su tantance ta. Sukan duba inda aka samo bayanan, yadda aka yi lissafin, da ko sakamakon ya goyi bayan abin da marubucin ya yi iƙirari. Wadda ta tsallake sai a ba ta gurbi: ko dai jawabi na 'yan mintuna a gaban jama'a, ko kuma fosta. Wasu daga ciki kan samu shiga mujallar hukumar mai suna Transportation Research Record.

Ɗalibai da yawa ta fosta suke farawa, kuma a nan ake yin ta. Ɗalibi zai tsaya kusa da allonsa na kusan awa biyu, duk wanda ya ga dama ya tsaya ya yi tambaya. Mai tambayar na iya zama ɗalibi ɗan'uwansa. Yana iya zama farfesan da sunansa ke cikin littattafan da ɗalibin ya dogara da su. Yana kuma iya zama injiniyan ma'aikatar sufuri wanda zai koma ofis ya sauya lokacin fitilar danja a wata mahaɗa bisa abin da ya ji. Shi ya sa tambayoyin ke da zafi: Mutum nawa ka bibiya? Su wane ne? Wa aka bari a baya?

Daga tiyo zuwa GPS

A da, ƙidayar ababen hawa aikin wahala ne. Ana shimfiɗa tiyon roba a kan titi ya riƙa ƙirga tayoyin da suka taka shi, ko a binne waya a cikin kwalta, ko a ajiye mutum a bakin hanya da takarda da biro. Don sanin inda mutane ke zuwa kuwa, sai an bi gida-gida ana tambaya. Aikin na cin kuɗi, shi ya sa birane da yawa kan yi shekaru kafin su sake shi.

Wayar zamani ta kawo hanyoyi uku. Na farko GPS, wanda ke nuna inda wayar take da saurin da take tafiya. Idan wayoyi da yawa a kan titi ɗaya suka rage gudu a lokaci guda, manhaja irin Google Maps ko Waze sai ta shafa wa titin jan launi. Na biyu rajistar kamfanonin sadarwa: duk kira ko saƙon da aka aika na barin shaidar ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauke shi, ko da wayar ƙarama ce mai maɓalli. Na uku ƙaramar na'urar jin motsi da ke cikin wayar, wadda ke juya hoton allo idan an karkata ta. Ita ma tana jin faɗawar mota a rami da taka birki da ƙarfi.

An gwada hanya ta biyu a Afirka ta Yamma. Kamfanin Orange ya bai wa masu bincike bayanan kira biliyan 2.5 na masu layi miliyan 5 a Cote d'Ivoire, bayan cire sunaye. Wasu masu bincike na IBM suka yi amfani da su wajen gano inda mutanen Abidjan ke fitowa da inda suke nufa, suka kuma ba da shawarar gyaran layukan bas da suka lissafa zai rage lokacin tafiya da kusan kashi 10 cikin ɗari. A 2013 aka gabatar da aikin, a wani taron masana da aka yi a jami'ar MIT.

Inda waya ke yin ƙarya

Amfanin taro irin na TRB shi ne akwai masu tone kurakurai. A Fabrairun 2020 wani mai fasaha a Berlin, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a cikin ƙaramar kura ya ja su a hankali a kan titunan da babu kowa. Google Maps ta ɗauka motoci ne suka cunkushe, ta mayar da titunan ja. Manhajar wayoyi take ƙirgawa, sai ta yi hasashen motoci daga gare su.

Akwai kuskuren da ya fi wannan illa. Birnin Boston ya taɓa fitar da manhaja mai suna Street Bump, wadda ke aika rahoton rami da kanta idan mota ta yi tsalle. Masana suka ja hankali cewa unguwannin da mazaunansu ba su da manyan wayoyi, musamman na talakawa da tsofaffi, za su fito a taswira kamar ba su da ramuka. Wanda bai da waya, ko ya kashe data don tattali, ba ya cikin lissafi, kuma kuɗin gyara na bin lissafi ne.

Sai batun sirri. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya duba bayanan mutum miliyan 1.5 da aka cire wa sunaye, ya gano cewa sanin wurare huɗu kacal da lokacin da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Inda waya ke kwana shi ne gida, inda take wuni shi ne wurin aiki ko makaranta. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa fasalin wasu sansanonin soji, saboda sojojin na gudu da na'urorinsu a kunne. Ga mai waya, maganin na cikin saiti: ya duba manhajojin da ya bai wa izinin ganin wurin da yake, ya mayar da waɗanda ba su da buƙata zuwa lokacin amfani kawai, ko ya hana su gaba ɗaya.

Titunan da ba su cikin littafi

Ƙa'idojin da aka gina a Amurka sun ɗauka cewa motoci na bin layi, bas kuma na da jadawali. Indonesiya ta ga hakan bai dace da titunanta masu cike da babura ba, ta fitar da nata littafin a 1997. Indiya ma ta yi nata daga baya.

A Nairobi, ɗalibai ne suka cike giɓin. A aikin Digital Matatus, wanda Jami'ar Nairobi ta yi tare da jami'o'in Columbia da MIT, ɗalibai sun riƙa shiga ƙananan motocin haya da ake kira matatu, wayoyinsu na naɗar hanya da duk inda aka tsaya. Suka tattara layuka sama da 100, aka fitar da taswira a 2014, kuma a 2015 bayanan suka hau Google Maps. Sai da suka yi wa tsarin GTFS kwaskwarima, wato tsarin da manhajoji ke karanta jadawalin motocin haya da shi, domin an ƙirƙire shi ne don basukan birnin Portland masu tashi a kan lokaci, ita kuwa matatu sai ta cika take tashi. An yi makamancin aikin da motocin trotro a Accra.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya san Kano. Tun da aka haramta acaɓa a Janairun 2013, nauyin zirga-zirgar birnin ya koma kan a-daidaita-sahu. Sanin wace hanya ce ke da fasinja, ƙarfe nawa ake cunkoso, nawa ake biya daga wannan tasha zuwa waccan, mafi yawansa na cikin kan direbobi da 'yan kamasho. Duk shawarar da za a yanke kan gadar sama, shatale-tale ko hana wani abin hawa bin wani titi tana buƙatar waɗannan alƙaluma a rubuce. Kuma maganar ta shafi rai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran titi na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Ga ɗalibin da ke son farawa

Zuwa Washington ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga rajista, ga biza. Sai dai mafi yawan ilimin na kan intanet. Rumbun TRID na hukumar yana ɗauke da bayanan bincike sama da miliyan ɗaya, kuma kyauta ake bincika shi ko daga waya. Rahotannin hukumar da dama ma ana sauke su ba tare da biyan kuɗi ba. A gida kuma akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, ban da sassan injiniyanci, tsara birane da nazarin ƙasa a sauran jami'o'i.

Kayan aikin da ɗaliban Nairobi suka yi amfani da su ba su fi ƙarfin ɗalibin Kano, Zinder ko Kumasi ba: waya mai GPS, manhajar naɗar hanya, abin cajin tafi-da-gidanka, littafin rubutu da kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne malamin da zai duba tsarin aikin, izinin direbobi da ƙungiyarsu kafin a fara, da haƙurin bin hanya ɗaya sau da yawa, safe da yamma, ranar aiki da ranar Juma'a. Wanda ya fara tattara bayanansa da rani yana da isasshen lokacin rubutu kafin 1 ga Agusta.