Gaya: a gyara tsohon gida, kada a rushe shi

A Gaya, inda gadar kogin Isa ta haɗa ƙasarmu da Malanbil ta Benin, kasuwanci ya kawo kuɗi, kuɗi kuma suka kawo siminti. Mutum ya gaji gidan ƙasa daga mahaifinsa, da zarar ya samu hali sai ya rushe shi, ya tada bulo, ya rufe da kwano. Bazara na zuwa, zafi ya kori iyali zuwa tsakar gida.

Bangon ƙasa mai kauri yana tare zafin rana, shi ya sa ɗakin kakanni yake da sanyi. Ruwa ne abokin gabarsa, yankin Gaya kuwa ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Saboda haka gyara daga tushe yake farawa: a ɗaure gindin bango da dutse, a gyara magudana, a sa indararo mai tsawo. Wasu suna yaɓa siminti bisa bangon ƙasa. Wannan asarar kuɗi ce, domin ba su kama juna. Laima ta shiga tsakani, yaɓen ya ɓare. Makuba ta fi shi riƙon amana.

Rufi ne babbar magana. Giginyar Dallol Mawuri ta daɗe tana ba magina azara, har sara ya yi mata yawa, yau ba a kada ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Azarar da ba ta ruɓe ba, a mayar da ita wurinta. Inda ta kasa, akwai ginin da ba ya buƙatar itace, mai rufin tubali kamar ƙwarya a kife, wanda aka fara gwadawa a Cikal ta Filinge a 1980. A ƙasar ruwa irin Dandi, wajibi ne a duba yaɓensa kafin kowace damana.

Duhun ɗaki kuwa, tagogi biyu masu kallon juna, kudu da arewa, da shafen farar ƙasa sun isa. Wanda ya ga yadda Najeriya ta yanke mana lantarki a 2023 ya san amfanin allon hasken rana bisa soro.

Mai shakka ya je Dandaji, jihar Tawa. Tsohon masallacin ƙasa na garin an so rushe shi. Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, masu tsara gine-gine, suka gyara shi tare da maginan wurin, a 2018 ya zama ɗakin karatu.