Lambu, Kyauta da Rubutu: Aikin Hannu a Cikin Gida

 A yau za mu yi magana a kan abubuwa uku da mutum zai iya yi a gidansa da ɗan lokacin da ya rage masa bayan aikin yini. Na fari, ɗan lambu a bayan ɗaki. Na biyu, kyautar da aka yi da hannu. Na uku, rubutu a littafi. Wani zai tambaya, me ya haɗa waɗannan uku? Ga abin da ya haɗa su: ba sa bukatar jari mai yawa, suna bukatar ɗan lokaci kowace rana, kuma a ƙarshe mutum yakan sami abin da zai miƙa wa wani.

Me ya sa muke wannan magana?

Idan muka duba gidajenmu na cikin gari, za mu ga kusan kome sayensa muke yi, tun daga ganyen miya har zuwa kyautar suna. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, kayan abinci kuma suka bi shi. A tsakiyar 2024 lissafin gwamnati ya nuna farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara ɗaya. Uwar gida ta san wannan ba sai an karanta mata a jarida ba.

Amma akwai wata hasara da ba a cika faɗa ba. Idan aljihu ya bushe, kunya takan hana mutum zuwa barka ko gaisuwar mara lafiya, domin ba shi da abin riƙewa a hannu. Yau bai je ba, gobe bai je ba, sai zumunci ya yi sanyi. Ga kuma 'ya'yanmu suna tashi suna ganin kome daga kanti yake fitowa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Bari mu duba waɗannan guntayen gatura uku ɗaya bayan ɗaya.

Lambu a bayan ɗaki

Dattawa a cikinmu za su tuna shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, lokacin da aka yi ta kira ga makarantu da ma'aikata su noma duk ɗan filin da ke kusa da su. Shirin ya wuce, amma shawarar tana nan da amfaninta. Ba sai mutum yana da fadama ba. Fili mai taku huɗu a tsaye, taku biyu a kwance ya isa fangali biyu. Wanda yake gidan haya, tsakar gidan kuma siminti ne, sai ya nemi tsofaffin buhuna ko bokitin da ya fashe, ya huda ƙasansu domin ruwa ya riƙa fita, ya cika su da ƙasa da taki. Abin lura shi ne wurin ya riƙa samun rana kamar awa 6 a yini, gama kayan lambu ba sa yin kirki a inuwa.

Da me za a fara? Shawararmu ita ce a fara da ganye. Alayyahu yakan isa tsinka cikin mako 4 zuwa 5, idan kuma aka yanke kansa aka bar gindin, zai sake toho. Rama da yakuwa ba su da wahala. Kuɓewa takan fara 'ya'ya bayan wata 2, in ana tsinke ta a kai a kai kuma sai ta ci gaba da bayarwa. Zogale kuwa, reshe ɗaya za a sara a kafa a jikin katanga, ya kama, ya yi shekaru yana ba da ganye. Mutanen Jos da kewayenta suna da wata gata, gama sanyin tudu yana sa kabeji da karas da latas su yi kyau.

Tumatir yana da daɗin nomawa, amma yana da laulayi. Sai an rene shi mako 3 zuwa 4 kafin a dasa, ga shi ƙwari suna sonsa. A 2016 wata 'yar tsutsa mai cin ganye da 'ya'yan tumatir ta lalata gonaki a jihohin Kano da Kaduna da Filato da wasu wurare, har tumatir ya gagari talaka. Saboda haka mai farawa kada ya zuba dukan ƙarfinsa a kan tumatir. Ya dasa gindi biyar ko shida, sauran wurin ya ba ganye.

Game da taki, kashin kaji da na awaki suna da kyau ƙwarai, amma ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. Sai a tara shi da ɓawon kayan miya da busasshen ganye a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har ya ruɓe ya yi baƙi. Ban ruwa kuwa da sassafe ko da yamma ake yi. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi kada a zubar, a kai wa lambu. Amma ruwan wanki mai omo, da ruwan kwata, kada a sa wa abin da za a ci. In ƙwari sun fara, a daka ganyen dogon yaro a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. A kuma yi shinge, domin akuya ɗaya za ta iya share aikin wata biyu kafin a gama cin tuwo.

Kada a manta da ajiye iri. A bar kuɓewa biyu ko uku su bushe a jikin uwarsu, a ɓare, a zuba a kwalba da ɗan toka. Irin zamani da aka yi wa aure, wanda ake sayarwa a leda, sau da yawa 'ya'yansa ba sa fitowa kamar na farko, don haka irin gida ya fi dacewa da ajiya.

Kyautar da hannu ya yi

Yanzu mu zo kan abu na biyu. A cikin Ayyukan Manzanni sura 9 an ba da labarin wata mace a garin Yafa mai suna Tabita, wadda ake kira Dokas. Ba a ce mana ita mai arziki ce ba. Abin da aka faɗa shi ne tana ɗinka riguna da tufafi. Bayan ta rasu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Ku lura da wannan: abin da suka ɗauko domin su nuna ko ita wace ce, aikin hannunta ne.

Me ya sa kyautar hannu take da nauyi haka? Domin lokacin mai bayarwa yana cikinta. Wadda ta zauna dare bakwai da kwarashi da zaren ulu tana saƙa hula da safa ga jaririn maƙwabciyarta, dare bakwai ke nan tana tunanin wannan yaro. Uwar yaron ta san haka ko ba a gaya mata ba. A wurare masu sanyi kamar Jos da Pankshin da tsaunin Mambila, inda hunturun Disamba da Janairu yake shiga ƙashi, irin wannan kyauta tana iya tsare jariri daga sanyi.

Abubuwan da za a iya yi suna da yawa. Ƙyallayen atamfa da tela yake zubarwa, in an harhaɗa su, sukan zama zanen gado ko jakar makaranta. Wadda ta iya kaba ta saƙa faifai ko tabarma wa amarya. Maza ma ba a bar su a baya ba. Guntayen katako sukan zama kujera 'yar tsugunno, ko akurkin kaji, ko muciya. Lambun nan da muka yi maganarsa ma yana ba da kyauta: busasshiyar kuɓewa a cikin kwalba mai tsabta, garin zogale, yaji da aka daka wa mai jego, ko ɗan dashen tumatir a gwangwani ga maƙwabcin da yake so ya fara.

Akwai abu biyu da za mu kiyaye. Na ɗaya, a yi aikin da kyau. Kada a ce ai kyauta ce, a bar zare yana reto ko ƙusa tana leƙe. Na biyu, a duba bukatar wanda za a ba. Tsohuwar da ƙafafunta suke sanyi safa take so, ba kayan ado na bango ba. Mu kuma da ake kawo wa, mu koyi karɓa da hannu biyu. An ce yaba kyauta tukwici. Yarinyar da ta kawo saƙarta ta farko, ko ta karkace, in aka yi mata dariya, mai yiwuwa ba za ta ƙara ɗaukar kwarashi ba.

Rubutu a littafi

Abu na uku shi ne wanda mutane suka fi jin tsoro. Sukan ce, mu ba marubuta ba ne, karatunmu bai yi nisa ba. To, ku ji wannan. A 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith tana ba ta labarin rayuwarta: ƙuruciyarta, aurarrakinta, zamanin harin bayi, da zuwan Turawa. Baba ba ta iya rubutu ba. Amma da yake an rubuta abin da ta faɗa, littafin ya fito a 1954, har yau kuma ana karanta shi a jami'o'i. Tsofaffi nawa ne irinta a gidajenmu, waɗanda labarinsu zai bi su kabari domin ba wanda ya zauna da biro?

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa. Me za a rubuta a ciki? A fara da abin da ya fi sauƙi, wato lambu: ranar da aka shuka, ranar da ruwan farko ya sauka, irin da ya yi kyau da wanda bai yi ba. Baɗi wannan shafi zai zama malaminku. Daga nan a rubuta na iyali: sunayen kakanni, ƙauyen da aka fito, dalilin tashi, ranar haihuwar kowane yaro. A rubuta yadda kaka take haɗa miyarta, da karin maganar da kaka namiji yake yawan faɗa.

Da yawa a cikinmu Hausa ce harshen kasuwa da na taro, amma muna da harshen gida, ko Berom, ko Ngas, ko Tarok, ko Tangale, ko Bachama, ko Jju. Yaran da aka haifa a gari suna mantawa da su. In kowace rana aka rubuta kalma biyar da ma'anarsu, sunayen itatuwa da na hatsi da gaishe-gaishe, a shekara an tara fiye da kalma 1,800. Wannan gado ne da ba a sayensa a kasuwa.

Wasiƙa ma rubutu ce. Saƙon waya yakan ɓace ran da wayar ta lalace ko aka sace ta, amma takardar da uba ya rubuta wa ɗansa ran da zai tafi makaranta, ɗan zai iya buɗe ta bayan shekara 30. Sai dai mu yi hankali da abin da muke rubutawa. Littafin gida ba wurin tara laifofin mutane ko tona asirin wani ba ne, gama wata rana jikoki za su karanta. A rubuta da biro, a sa kwanan wata, a ajiye a leda ko akwatin ƙarfe saboda gara da laima.

Ina za a sami lokaci?

Mun san wani yana cewa, duk wannan da kyau, amma ina lokacin? Mu lissafa. Ban ruwan fangali biyu minti 15 ne da safe. Saƙa ana yinta ana hira bayan tuwon dare. Rubutu layi biyar ne kafin a kwanta. Duka bai kai awa ɗaya ba, da yawanmu kuwa mukan ba waya da talabijin fiye da haka.

Kada kuma a ɗora wa mutum ɗaya. In uwar gida ce kaɗai take ɗebo ruwa, take girki, take wanki, sa'an nan a ce ta ƙara da lambu, an mai da abin jin daɗi ya zama kaya. Maigida ya ɗauki haƙa da shinge. Yara su ɗauki ban ruwa, a ba kowane yaro buhunsa, ya shuka abin da yake so. Wanda yake aji biyar ya zauna kusa da kaka ya rubuta abin da take faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda suka yi ritaya kuma, da waɗanda suke zaune suna jiran aiki, wannan yakan ba su dalilin tashi da safe.

Kada a fara duka uku rana ɗaya. A zaɓi ɗaya, a riƙe shi wata guda. Shuka za ta iya mutuwa, saƙa za ta iya warwarewa, a sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin mu rabu, ga tambayoyi uku da za ku tattauna a gida a daren yau. Wane lungu ne a gidanmu yake samun rana, wanda buhu biyu za su zauna? Wane ne a unguwarmu yake bukatar abin da hannunmu ya iya yi? Wane tsoho ne a danginmu ya kamata mu zauna da shi da littafi tun yana tare da mu?